Shuɗin Hayaƙi a Wad Madani

Shekara biyu tana kwance ƙarƙashin darbejiya,
Fijon da Baba ya bari,
fara, mai zagayayyun idanu,
wadda ta fi ni sanin hanyar Sinnar.

Ran da na tashe ta sai ta yi tari uku,
ta saki hayaƙi har Sittana mai shayi
ta rufe kofunanta da gefen mayafi,
ta ce, "Ɗan Gwadabe, gawayi kake ba ta?"

Na lallaɓa da ita bayan kasuwa,
wurin Usta Tukur, tsohon da sifana ta cinye wa zanen tafi.
Bai buɗe bonet ba.
Ya zagaya baya, ya tsuguna gaban salansa
kamar mai gaida suruki.

"Taka," in ji shi. Na taka.
"Saki." Na saki.
Ya tara hannu, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Hayaƙi harshe uku gare shi, yaro.
Fari, ruwa ne ya ɓace hanya, ka tuhumi gaskit.
Baƙi, fetur ne ya yi yawa, kafireta ta zama almubazzara.
Wannan kuwa shuɗi ne,
ya fi kogin can cancantar sunan.
Baƙin mai take ƙonawa.
Saura mu san ƙofar da yake bi."

Ya tambaye ni kamar alƙali:
Da asuba kaɗai take yi, in ta ɗumama ta daina?
Da robar bawul ce ta bushe.
Ko sai an taka totur a hawan gada?
Da ringi ne ya gaji da rungumar fistin.
Na ce, "Kullum take yi, Usta."
Ya ce, "Uhm." Uhm ɗin nan ya kai kuɗin saniya.

Ya kwance fulogi huɗu, ya jera kan tsumma,
duk sun jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin.
Ya ɗaura agogon gwaji a ramin farko.
Allura ta tashi, ta tsaya da ƙafarta.
Na biyu haka. Na uku haka.
Na huɗu ya ɗan rusuna, bai faɗi ba.
"Ƙirjinta lafiya lau. Gwadabe bai yi wasa da ita ba."

Sai ya zaro sandar awon mai,
ya goge, ya mayar, ya sake zarowa,
ya dube ni ta saman tabarau.
Mai ya haye alama da faɗin yatsa biyu.
"Wa ya ɗura?"
Ni ne. Tsoro nake ji kada ta ji ƙishi,
kamar yadda na yi ta cusa wa Baba kunu
a makon da ya daina haɗiya.

Bai ce komai ba.
Ya bi wani siririn tiyo da yatsa,
wanda inji ke numfashi ta cikinsa,
ya cire, ya busa. Iska ta ƙi wucewa.
Ya zura waya,
sai ga jar ƙasa tana zubowa, busasshiya:
zanzaro ya gina ɗaki a ciki,
ya yi 'ya'ya, ya tashi, bai biya haya ba.

Usta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"An toshe mata hanci, an cika mata ciki,
ta ina kake so ta yi kuka?"

Ya rage mai a tsohuwar gwangwanin madara,
ya wanke fulogi da fetur.
Muka jira jabana ta huce, injin yana ta gunaguni,
shuɗin yana sirancewa, yana sirancewa,
har na fara hango ƙafafun masu wucewa ta bayanta.

Na ciro kuɗi. Ya ture hannuna.
"Na huɗun nan zai neme ka, bana ko baɗi.
Ranar ka zo da kuɗin."

Na bi bakin kogi a giya ta uku, tagogi a buɗe.
Har yanzu ina leƙa madubi
fiye da yadda nake duban hanya.